KOMAI TURI, BA A TSERE WA HASKE

Duk wanda likita ya taɓa aikawa ya ɗauko hoton ƙirji, ko wanda ya yi zamani da tsohuwar telebijin mai ƙatuwar ƙeya, ko kuwa wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti wajen gashin ciwon daji, to ya tsaya dab da wani abu mai gudun da hankali ba ya ɗauka, ko da yake bai gan shi da ido ba. Injunan nan uku a asali aikinsu ɗaya ne. Kowannensu yana ɗibar waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira ilaktiron, ya ingiza su da ƙarfin lantarki, su sheƙa a guje su daki wani abu da aka girka musu a gaba. Bambancinsu kawai yawan turin da kowanne ke yi.

Abin mamaki cikin sha'anin shi ne gudun nan yana da iyaka. Kome yawan ƙarfin lantarkin da aka ɗura, ilaktiron ba ta taɓa cim ma gudun haske, balle ta wuce shi. Haske kuwa a sararin da babu kome yana cin kilomita 299,792 cikin sakan ɗaya, a ce dai 300,000 don sauƙin lissafi, watau zai kewaye duniyar nan sau bakwai da rabi kafin agogo ya buga sakan guda. Masana sun shafe shekaru suna gardama kafin su amince da wannan iyaka. A yau da ita ake ƙera injin da ke ceton rayukan masu ciwon daji, har da wanda ke Idi-Araba a birnin Ikko.

MECE CE ILAKTIRON?

Kowane abu a duniya, ƙarfe ko ruwa ko naman jikin mutum, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da masana ke kira atam. A tsakiyar kowane atam akwai cibiya mai nauyi, a kewayenta kuma akwai ilaktiron. Wani shehun malami Baturen Ingila, J. J. Thomson, shi ne ya tabbatar da samuwarta a Jami'ar Kambirij cikin 1897. Ƙanƙantarta ta wuce misali, don atam mafi rashin nauyi, na iskar haidirojin, ya ninka ta nauyi sau 1,800 da 'yan kai. Wutar lantarkin da ke bin waya ta kunna ƙwai ta juya fanka, motsin waɗannan ƙwayoyi ne.

Thomson ya yi aikinsa da kwalbar gilashi wadda aka zuƙe iskar cikinta, aka sanya faranti biyu na ƙarfe, ɗaya a gindi ɗaya a gaba, aka haɗa su da lantarki. Farantin gindi yana korar ilaktiron, na gaba yana janta, sai ta tsallaka tsakaninsu a guje. Da irin wannan kwalba ce Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksirai a garin Würzburg na ƙasar Jamus ran 8 ga Nuwamba 1895, har bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton ƙasusuwan hannun matarsa, ga zobe a yatsa. Daga cikinta kuma aka samo kwalbar telebijin, wadda mutanen Badun suka fara kallo a ƙasar nan sa'ad da aka buɗe tashar WNTV ran 31 ga Oktoba 1959.

BOLT KAMAR GANGARA NE

Ƙarfin turin lantarki da bolt ake auna shi. Mai karatu ya ɗauki bolt tamkar tsayin tudu. Dutsen da aka gangaro daga ɗan ƙaramin tsauni zai iso ƙasa da gudu kaɗan, wanda aka gangaro daga kan Dala kuwa sai an kauce masa. Haka ilaktiron take tsakanin farantan nan biyu, iyakar yawan bolt, iyakar kuzarin da za ta iso da shi.

Saboda rashin nauyinta, ɗan turi kaɗan ya ishe ta. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. In aka ingiza ilaktiron da shi a cikin kwalbar da ba iska, za ta kai gudun kilomita 726 a sakan. Daga Ikko zuwa Kano ta hanyar mota kimanin kilomita dubu ne, tafiyar da tirela ke kwana tana yi, amma ita sakan ɗaya da rabi ya ishe ta. Da batirin mota mai bolt 12 za ta haura kilomita 2,000 a sakan, watau ta je Kano ta komo cikin sakan guda. Da bolt 230 irin na wutar gida sai ta kai wajen kilomita 9,000 a sakan.

A nan akwai abin lura. Wannan gudu sai a wurin da aka zuƙe iskarsa kaf. A cikin wayar tagulla ilaktiron tana cikin cunkoso ne kamar mai ratsa kasuwar Idumota ranar jajibiri, ko'ina ta juya sai ta yi karo, saboda haka tafiyarta gaba ba ta kai milimita ɗaya a sakan ba. Dalilin da ya sa ƙwai ke kamawa nan take in an danna makunni shi ne wayar a cike take da ilaktiron tun asali, kamar famfon da ke cike da ruwa, ana tura na gindi sai na baki ya fito. Wannan ne ya sa kowane inji mai gudun ilaktiron yake da kwalba ko bututu da aka rufe ruf babu iska.

INDA TSOHON LISSAFI YA KARYE

Tun zamanin Isaac Newton, wanda ya wallafa ƙa'idojin motsi a 1687, masana ke da lissafin da suke auna gudun kowane abu da shi, daga harsashi har taurari. Bisa ga wannan lissafi, in aka ninka bolt sau huɗu gudun zai ninku sau biyu, in aka ninka sau ɗari gudun zai ninku sau goma, haka har illa ma sha Allahu. A ƙananan bolt lissafin daidai yake ba ko tantama. Matsala tana fara ɓullowa ne in an hau sama.

Tsohuwar telebijin mai launi tana aiki da bolt 25,000. Lissafin Newton ya ce ilaktiron za ta daki gilashin da gudun kilomita 93,800 a sakan, amma a zahiri wajen 90,500 take yi, watau kashi 30 cikin ɗari na gudun haske. Ratar ba ta da yawa. Injin hoton ƙirji yana aiki da bolt 100,000 ko fiye. A bolt 100,000 Newton ya ce kashi 63 cikin ɗari na gudun haske, awo kuwa ya nuna kashi 55. Rata ta fara buɗewa.

Manyan wayoyin nan da ke bisa dogayen turakun ƙarfe, masu ɗauko wuta daga Kainji da Jebba zuwa kudu, ƙarfinsu bolt 330,000 ne. Da za a ingiza ilaktiron da turi mai yawan haka a cikin bututu marar iska, tsohon lissafi ya ce ta riga ta wuce haske, alhali kashi 79 cikin ɗari kaɗai za ta kai. A bolt miliyan ɗaya Newton ya ce ninki biyu na gudun haske, gaskiyar magana kashi 94. A bolt miliyan shida kashi 99 da ɗigo 7. Kullum tana matsowa kusa, kullum da saura.

GARDAMAR MASANA

Wanda ya fara ganin alamar haka a ɗakin gwaji wani Bajamushe ne, Walter Kaufmann, a Jami'ar Göttingen cikin 1901. A lokacin babu injin da zai ba da bolt masu yawa, sai ya yi amfani da ilaktiron masu tsananin gudu da ke fitowa da kansu daga ma'adinin radiyam. Ya ratsa da su ta gaban maganaɗisu don ya karkata su, sai ya tarar iyakar gudunsu, iyakar wuyar karkatarwa, kamar dai nauyinsu ƙaruwa yake yi.

Cikin 1904 Hendrik Lorentz na ƙasar Holan ya fito da lissafin da ya bayyana wannan hali. A 1905 kuma wani saurayi ɗan shekara 26, Albert Einstein, wanda a sa'an nan ma'aikaci ne a ofishin rajistar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, ya nuna cewa al'amarin ya wuce ilaktiron. A faɗarsa gudun haske iyaka ce ga kowane abu mai nauyi, ko tsakuwa ko jirgin sama, sai dai ba a lura da haka a rayuwar yau da kullum domin babu abin hawan da ya ko kama ƙafar wannan gudu.

Ba a karɓi maganar nan da nan ba. Kaufmann da kansa ya sake gwaji, ya ba da sanarwa a 1906 cewa sakamakonsa bai yi daidai da lissafin Lorentz da Einstein ba. Sai a 1908 Alfred Bucherer na Jami'ar Bonn ya yi nasa awon ya samu abin da ya goyi bayansu, waɗansu kuma suka ƙara tabbatarwa a 1914 da 1915. Daga baya aka gane kayan aikin Kaufmann ne ba su kai su rarrabe tsakanin lissafan da ake gardama a kansu ba.

Gwajin da ya fi sauƙin fahimta shi ne wanda William Bertozzi ya yi a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, ya wallafa a 1964. Gani ya kori ji. Ya auna fili mai tsawon mita 8 da ɗigo 4 a cikin bututu, ya riƙa sakin ilaktiron yana auna lokacin da suke ɗauka daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda ake yi wa dawakin sukuwa. Da turin bolt 500,000 suka yi wajen kashi 87 cikin ɗari na gudun haske. Da miliyan huɗu da rabi suka yi wajen kashi 99. Da ya kai su miliyan 15, inda Newton ya ce su ninka haske fiye da sau bakwai, sai ya tarar gudun ya tsaya a bakin na haske, agogonsa ba ya ma iya rarrabe su.

INA ƘARFIN YA TAFI?

Mai hankali zai tambaya, in gudu ya ƙi ƙaruwa, shin ba asarar turin ake yi ba? Bertozzi ya yi tanadin wannan tambaya. A ƙarshen bututun ya sanya ɗan faifan alminiyam inda ilaktiron ke dukawa, ya riƙa auna zafin da faifan ke ɗauka. Da ya ninka turi sau uku, daga miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan huɗu da rabi, gudu bai ƙaru da abin a zo a gani ba, amma zafin faifan ya ninku wajen sau uku. Ashe ko kaɗan ba a yi asara ba. Ilaktiron ta haɗiye turin duka, ta sauke shi a kan abin da ta daka.

Masu tura amalanke a kasuwar Mile 12 za su gane wannan da misali. A ce ga amalanke mai wani hali, duk lokacin da ta ƙara gudu sai a ji kamar an ɗora mata buhun albasa. Da fari turi ɗaya zai sa ta ruga. Can gaba sai mutum goma su taru su tura, gudun da za ta ƙara ɗan kaɗan ne. Amma duk bangon da ta ci karo da shi a wannan hali, sai ta rushe shi, don ƙarfin mutum goman nan yana tattare da ita. Masanan da suka gabata kan ce nauyin ilaktiron ne ke ƙaruwa. Na yanzu sun fi son a ce nauyinta na nan yadda yake, kuzarinta da wuyar juya ta ne ke hauhawa ba iyaka.

Ɗalibin da ke son ya gwada da kansa, lissafin ba shi da wuya. Lambar da za a riƙe ita ce 511,000, domin Einstein ya nuna cewa nauyi kansa kuzari ne a dunƙule, kuma nauyin ilaktiron ɗaya daidai yake da kuzarin turin bolt 511,000. A raba yawan bolt da wannan lamba, a ƙara ɗaya. Abin da aka samu a ninka shi da kansa, a raba ɗaya da shi, a ɗebe amsar daga ɗaya. Daga nan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da ya rage. Alal misali, a bolt 511,000 rabawa ta ba da 1, a ƙara ɗaya ya zama 2, a ninka ya zama 4, ɗaya bisa huɗu ke nan, a ɗebe daga ɗaya saura uku bisa huɗu, lambar da ake nema kuwa 0.866 ce, watau kusan kashi 87 cikin ɗari na gudun haske. Sirrin iyakar yana cikin abin nan da ake ɗebewa daga ɗaya. Kome yawan bolt, ƙanƙancewa kawai yake yi, ba ya taɓa zama sifiri, saboda haka amsar ba ta taɓa cika ɗaya.

Iyakar da ake magana ta gudun haske ce a sarari marar kome. A cikin ruwa haske kan rage gudu zuwa kimanin kilomita 225,000 a sakan, don haka ilaktiron mai kuzari tana iya tsere masa a can, kuma in ta yi haka ruwan kan fitar da wani shuɗin haske, wanda Pavel Cherenkov ya gano a Mosko cikin 1934. Ko a nan ɗin ba ta kai kilomita 300,000 ba.

DABARAR TURI BI DA BI

Tara bolt miliyoyi a wuri ɗaya ba wasa ba ne. Busasshiyar iska kan jure wajen bolt 30,000 a kowace santimita, in an wuce haka sai wuta ta yi tsalle kamar tsawa. Bolt miliyan shida za su iya tsallake ratar mita biyu. Babu asibitin da zai ajiye irin wannan a ɗakin marasa lafiya.

Sai masana suka sake dabara. Maimakon turi ɗaya mai girma, a jera ƙananan turi masu yawa, kamar a jera majiya ƙarfi a gefen hanya, kowa in amalanke ta iso gabansa ya ƙara mata nasa. Rolf Widerøe ɗan ƙasar Norwe ya gwada wannan a Jamus cikin 1928. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu kayan aiki masu ƙarfi daga na'urar rada da aka ƙera don hango jiragen abokan gaba, masu fitar da gajerun igiyoyin rediyo da ke kaɗawa sau miliyan dubu uku a sakan. Ana ɗura igiyoyin nan cikin bututun tagulla da aka rarraba ɗaki-ɗaki, a daidaita yadda duk ɗakin da ilaktiron ta shiga za ta tarar da turin yana fuskantar gaba. Wannan inji shi ake kira linak.

A nan ne iyakar gudu ta zama alheri. Da lissafin Newton ne ke aiki, da kowane ɗaki sai ya fi na bayansa tsawo, tun da gudu na ta ƙaruwa. Amma da yake ilaktiron tana kusan cim ma gudun haske tun a ɗakunan farko, daga nan gudunta ya zama kusan ɗaya, sai a yanka sauran ɗakunan daidai wa daida. Bututun da bai kai mita ɗaya ba ya isa ya ba da kuzarin bolt miliyan shida.

Masu binciken asalin halitta sun kai abin nesa. A Stanford da ke Kalifoniya an gama linak mai tsawon mil biyu a 1966, wanda ya kai ilaktiron kuzarin bolt biliyan 20, watau miliyan dubu ashirin. Da shi aka harbi cibiyar atam aka gano cewa ƙwayar furoton da ke cikinta ita ma tana ƙunshe da waɗansu ƙananan abubuwa, aikin da ya jawo wa masana uku lambar Nobel a 1990. A cibiyar CERN kusa da Janeba kuma, daga 1989 zuwa 2000, an yi aiki da wani inji mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya haura bolt biliyan 100. Duk da wannan turi, ilaktiron ta gaza gudun haske da abin da bai kai milimita huɗu a sakan ba. Ta kusa, amma ba ta kai ba.

DAGA ƊAKIN GWAJI ZUWA ASIBITI

Ilaktiron mai gudu in ta daki ƙarfe ta tsaya farat ɗaya, kuzarinta kan fita ta hanya biyu, zafi da hasken eksirai. A injin hoton ƙirji kusan kashi 99 cikin ɗari zafi ne, shi ya sa ake yin abin dukan da ƙarfen tangistan wanda ba ya narkewa da wuri. Ɗan abin da ya rage shi ke ratsa nama ya bar inuwar ƙashi a hoto. In aka ɗaga kuzarin zuwa miliyoyin bolt, hasken da ke fita yana shiga can cikin jiki ya lalata ƙwayoyin ciwon daji ya hana su hayayyafa. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira gashi.

An fara yi wa marar lafiya gashi da linak a asibitin Hammersmith na Landan cikin 1953, da inji mai kuzarin bolt miliyan takwas. A 1956 likita Henry Kaplan na Stanford ya yi wa wani yaro ɗan shekara biyu mai ciwon daji a ido. An riga an cire masa ido ɗaya, gashin ya ceci ɗayan, ya ci gaba da gani da shi. A ƙasar nan, cikin Fabrairu 2019 aka buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji mai irin waɗannan injuna a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, unguwar da 'yan Arewa suka daɗe da zama a cikinta. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin rabin masu ciwon daji za su bukaci gashi a wani mataki na jinyarsu.

Likita yana da zaɓi biyu da manyan injunan. In ciwon yana can ciki, sai a bar ilaktiron su daki tangistan, a yi aiki da hasken da ya fito. In kuwa yana kusa da fata, sai a janye ƙarfen a saki ilaktiron ɗin kansu, domin su ba sa zurfi, kowane bolt miliyan biyu na kuzari wajen santimita ɗaya suke shiga cikin nama su tsaya, abin da ke ƙarƙashi ya tsira. A manyan injunan akwai maganaɗisu da ke lanƙwaso ilaktiron zuwa ga marar lafiya. Da injiniya zai auna ƙarfinsa da lissafin Newton, a bolt miliyan shida zai gaza abin da ake bukata da ninki biyu da rabi, harbin ya baɗe hanya. Gardamar 1906 ta zama maganar rai da mutuwa a kan gadon asibiti.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Kalmar gashi tana tsorata mutane, har wasu kan gudu daga asibiti su koma gida sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Babu wuta ko garwashi a cikin aikin. Marar lafiya kan kwanta ne na 'yan mintoci, injin ya kewaya shi, ba ya jin zafi a lokacin. Bayan kwanaki fatar wurin tana iya yin duhu ko ta yi ɗaɗɗauri, jiki kuma ya yi kasala, likita yana da abin da zai ba da don wannan.

Linak ba ya ajiye guba a cikinsa. Ana kashe wuta hasken ya ɗauke, kamar ƙwan lantarki. Ya bambanta da tsohon injin gashi mai ma'adinin kobal, wanda ke fitar da haske dare da rana sai dai a rufe shi da dalma, ƙarfinsa kuma yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni. Ko da wanne aka yi, wanda aka haska daga waje ba ya komawa gida da hasken a jikinsa. Zai iya cin abinci da iyalinsa, ya ɗauki jariri, ya shiga sahu a masallaci ba tare da ya cuci kowa ba. Inda ake sanya wani abu mai haske a cikin jiki hukuncinsa dabam ne, likita zai yi bayani. Kaurin bangon ɗakin, wanda ya haura mita ɗaya na kankare, da fitar da ma'aikata ke yi kafin a kunna, don kare waɗanda ke wurin kullum ne shekara da shekaru.

Yawanci ana rarraba gashi kashi-kashi, kwana biyar a mako har makonni da dama, domin lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa tsakanin yau da gobe. Tsallake ranaku yana ba ciwon damar sake tsiro. Don haka ɗan kasuwa ko direban da aka sanya wa ranakun gashi, ya daure ya ɗage tafiyar gida har a kammala, 'yan'uwa da shugabannin unguwa kuma su taimaka da masauki da kuɗin mota ga wanda ya zo daga nesa. Mace mai juna biyu ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauke ta hoton eksirai kowane iri.

Injin da kansa yana da bukatu. Yana son wuta marar yankewa, da ruwan sanyaya bututu, da gwani mai ilmin kimiyyar lissafin haske wanda zai auna shi kowace safiya kafin a kwantar da mutum na fari, don kuskure kaɗan a awo yana iya ƙona lafiyayyen nama ko ya bar ciwon da rai. Irin waɗannan gwanaye da injiniyoyin gyara ba su wadata a ƙasar nan ba, inji kuwa in ya tsaya, layin marasa lafiya ne ke tsayawa. Yaran da ke makarantun sakandare a Agege da Sabon Badun da Fatakwal, masu jin lissafi da kimiyya, ga wata sana'a da ke jiransu, kuma ƙofarta ita ce ɗan lissafin nan na 511,000.